Kwanakin da Luba Ta Manta

Ku matso kusa. A kife wayoyin nan, labarin ba ya son haske. Wanda ya san yana da uzurin bayan gida ya je yanzu, don in na fara ba mai raka kowa.

A Tungar Ɗorawa akwai wani mutum, ana ce masa Ilu mai rijiya. Shekara talatin yana shiga cikin ƙasa yana fitowa. Duk rijiyar da ke tsakanin garinsu da bakin titi, in ba shi ya haƙa ta ba, to shi ya yashe ta. Yana da wata al'ada da ya gada wajen ubansa. Ba ya kafa dagi a ƙasa sai ya yi sallama. Zai tsuguna inda aka zana masa, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya ce, "Salamu alaikum, masu wuri. Baƙo ne, ruwa yake nema, a ɗan gusa." Sai ya yi shiru kamar mai jiran amsa. Shekara talatin ba a taɓa amsa masa ba, shi kuma bai fasa ba. Mutanen gari su yi masa dariya, su kuma sha ruwan.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ta bar masa 'ya ɗaya, Lubabatu, wadda kowa ke kira Luba ban da shi. 'Yar fari ce, bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. Da tana ƙarama "yarinyar nan" yake cewa. Da ta yi karatu ta zama malamar aji uku a firamaren garin, sai ya koma ce mata Malama, yana faɗa yana gyara zaman hula.

Abin ya fara kamar mura. Ciwon kai, ɗan zazzaɓi, kwana huɗu ya wuce. Sai barci ya ƙaurace mata. Dare ɗaya, biyu, har bakwai. Ilu zai farka ya ji tsintsiya a tsakar gida, tana share inda ta riga ta share. Ran nan a aji ta tsaya da alli a hannu, ta dubi yaran da ta shekara tana koyarwa, ta tambaye su 'ya'yan wane ne. Washegari ta ce akwai mutane a cikin randa suna gulmarta. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta fasa randar. Ran kasuwa ta fita ba mayafi ba ɗankwali, tana zagin duk wanda ya gaishe ta. A gaban masu sayar da manja ta faɗi tana jijjiga, kumfa na fita a baki.

To kun san mutanenmu. Kafin ta gama jijjigar an gano ciwon, an gano mai shi, an gano dalili. Yayar Ilu, Gwaggo Hantsi, ita ta yanke hukunci. Ta ce ta tuna sarai, wata magariba Luba ta tace taliya ta watsa ruwan zafin a bayan ɗaki, ba bisimilla, ba "a kauce". Ta ƙona ɗan mutanen ɓoye. Uwar ɗan ce ta shige ta.

Aka ɗauko wani mai cire aljanu daga ƙetaren rafi, mai zaƙin murya da doguwar tsumagiya. A lokacin Luba ta daina maganar kanta, sai dai ta maimaita abin da aka faɗa mata.

Ya ce, "Wace ce ke?"

Ta ce, "Wace ce ke."

"Za ki fita ko ba za ki fita ba?"

"Ba za ki fita ba."

Mutumin ya girgiza kai, ya ce tunda yake sana'ar nan bai taɓa gamuwa da mai taurin kai irin wannan ba. A kawo garwashi da busasshen barkono. A kawo bargo. A riƙe ta.

Ilu ne ya riƙe ta. Wa zai iya in ba shi ba? Hannun da ya saba jawo guga cike da laka daga gaba ashirin. Ya danne kafaɗunta, aka lulluɓe ta, hayaƙi ya tashi. Ya kawar da fuskarsa gefe. Kwana goma sha ɗaya ana haka, safe da yamma.

A na goma sha biyu ta yi shiru. Idanu a buɗe, ba sa kallon komai. Bakinta yana ta tauna abin da babu, harshe na fitowa yana komawa. Yatsunta suna motsi kamar mai tsinkar zogale. In ka ɗaga hannunta sama, nan za ka dawo ka same shi. Ta daina haɗiya. Mai tsumagiya ya ce aljanar ta yi laushi, saura ƙiris. Hedimastan makarantarsu ya zo ya gani, ya juya ya dawo da mota. Sai babban asibitin birni.

A can akwai doka. Ɗakin mata, namiji ba ya zama sai lokacin ziyara. Mace ake so ta yi jinya. Matan dangi kuwa kowacce ta sami uzuri, wannan goyo, waccan ciwon ƙafa. Gaskiyar ita ce an ce abin yana tsallakawa. Saboda haka Ilu ya shimfiɗa tabarmarsa a waje, gindin wata darbejiya, ƙarƙashin tagar da ke saitin gadonta, ya samo bulo guda ya ajiye. In ya taka bulon yana hango ta, robar abinci a hanci, ƙarin ruwa a hannu.

Masu jinya da yawa ne a filin. Suna girki tare, suna aron gishiri, suna raba labarin wanda ya kwana da wanda bai kwana ba. Da suka ji ko wa yake jinya, sai inuwar darbejiyarsa ta zama tasa shi kaɗai. Ya jiƙa garinsa ya sha. Ya taka bulo. Ya sauko. Wani lokaci sai la'asar zai tuna tun asuba bai ji muryar kansa ba.

Likitar da ke duba ta wata gajeriya ce mai tabarau, Dakta Zuwaira, tana tafiya kamar ana bin ta. Suka ɗebi ruwa a gadon bayan Luba aka aika da shi nesa. Suka manna mata wayoyi a kai. Suka ɗauki hoton cikinta. A mako na uku likitar ta fito har gindin darbejiya, ta tsuguna a bakin tabarmarsa.

"Baba, mun gane ciwon. Kowane jiki yana da masu gadinsa, su ke yaƙar cuta. Nata ne suka rikice, suka juya suna dukan ƙwaƙwalwarta har ta kumbura. Ba a cika samunsa ba, amma mun san shi. Ya fi kama 'yan mata."

"Me ya rikita su, Likita?"

"Akwai ƙari a mararta, jikin ƙwan haihuwa na hagu. Shi suka fara yaƙa, suka zarce. Muna ba ta magani ta jijiya don su lafa. Amma muddin ƙarin na nan, kwasar ruwa kawai muke yi, idon yana ɓuɓɓugowa."

Wannan kam ya gane.

"In an cire za ta tashi?"

"Mafi yawansu suna tashi. Ba yau ba, ba gobe ba. Watanni, wani sa'in shekara da ɗoriya. Wasu ba sa komawa daidai yadda suke. Kaɗan muna rasa su, ba zan ɓoye maka ba. Numfashinta ya fara tsallake, zuciyarta tana gudu tana sanyi. Jira ne abokin gabarmu. In kuma aka fita da ita daga nan, ba na jin za ta ga mako biyu."

Ta nuna masa takarda biyu. Ɗaya ta yarda a yi tiyata. Ɗaya ta wanda ya ce a ba shi majinyacinsa ya tafi, kome ya faru ruwansa. Kowacce yatsa ɗaya take nema.

Ran Alhamis Gwaggo Hantsi ta iso da kular tuwo. Ba ta shiga ɗakin ba, daga nesa ta yi wa tagar addu'a. Da ta ji zancen tiyata ta saki salati har masu girki suka juyo.

"A farka cikin budurwa? Ilu, kanka ɗaya kuwa? Ina ka taɓa jin an yanka aljana da wuƙa?"

"Yaya, likita ta ce..."

"Likita ta ce. Wannan 'yar da ba ta kai tsawon taɓarya ba? An samo mana wani mai cire aljanu a bayan dutse, shi ba ya wasa, kwana uku yake yi. Gobe ana saukowa daga Juma'a ɗana zai zo da mota, mun saka katifa a baya. Ni na goye ka, Ilu. Ban taɓa kai ka rami ba, kai ke kai kanka."

Ya karɓi kular tuwon ya ajiye. Mutum ba ya musu da bayan da ya goye shi.

Ya kwana yana juya abin. In likita ce da gaskiya, motar gobe makara ce. In Yaya ce da gaskiya, za a yanka yarinya a banza, mai abin tana gefe tana kallo. Sai wani tunani ya zo masa, irin wanda mai haƙar rijiya kaɗai zai yi. In ɗansu aka ƙona, ai ba wanda ya je ya ba su haƙuri. Duka aka yi ta yi da hayaƙi. Shi da ya shekara talatin yana yi musu sallama, me zai hana ya je da kansa, uba da uwa su yi magana?

Ya kuma san inda zai same su. Tun zuwansa ya lura da wani baure can bayan tsohon ɗakin wanki, kore shar a tsakiyar rani, ciyawa ta kewaye shi. Ba sai an gaya masa ba. Akwai tsohuwar rijiya a wurin.

Ku kuna tsammani dare ne lokacinsu. Dare na ɓarayi ne da sauro. Su rana tsaka suke so, lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Balle ran Juma'a, maza sun tafi masallaci, mata sun ja zane sun rufe fuska.

Washegari da rana ya sayi nono a ƙwarya, da ƙullin sukari. Ya bi ta bayan ɗakin girki. Ya wuce ɗakin ajiye gawa. Ya wuce ramin da ake ƙona auduga. Daga nan hanya ta tsuke, ta zama ta ƙafa ɗaya.

Ƙarar janareta ce ta fara yankewa.

Sai huɗubar da ke fitowa a lasifikar masallaci. Liman yana tsakiyar kalma.

Ƙudajen da suka biyo nonon suka juya.

Ba iska. Amma ganyen bauren yana motsi.

Rijiyar na nan, an rufe ta da faifan siminti, ya tsattsage don tsufa. Ilu ya ajiye ƙwarya. Ya tsuguna. Ya dafa ƙasa, ya ji ta da sanyi kamar gindin randa.

"Salamu alaikum, masu wuri."

"Wa alaikumus salam."

Shekara talatin yana jiran amsar nan. Da ta zo, saura kaɗan ya zauna a cikin nonon.

Wata tsohuwa ce zaune a kan simintin, inda babu kowa ɗazu. 'Yar ƙarama, tana ninke farin zanen gado irin na asibiti. Bakinta yana nan gabansa. Muryar kuwa daga ƙasa take tasowa, da amon nan da ya sani, na mai magana daga gindin rijiya. Ya auna da kunne. Gaba goma sha takwas, ko da ɗan ɗori.

Ya sunkuyar da kai don ladabi, sai idonsa ya sauka a ƙafafunta. A jiƙe suke, ruwa na ɗiga. Diddige a gaba, yatsu suna kallon baya.

Ya mayar da idonsa kan ƙwarya. Ba a ƙura wa babba ido a kan lahaninsa.

"Ilu mai rijiya," in ji ta. "Ka tsufa."

"Iya ta san ni?"

"Wa bai san ka ba? Kai kaɗai ke sallama. Sauran sai dai mu ji dagi a ka. Yanzu ma inji suke kawowa, ko gyaran murya babu."

"Ba a taɓa amsa mini ba."

"Ana amsawa. Kunnenka ne bai kai ba. Yau ya kai, don ka daɗe ba ka ji muryar mutum ba."

Ya tura ƙwaryar gabanta da hannu biyu.

"Haƙuri na zo bayarwa, Iya. Yarinyar wajena ce. An ce ta zuba ruwan zafi, ya sami ɗanku. Ba da gangan ba ne. In fansa ce, ga ni. A sake ta."

Tsohuwar ta buɗe baki. Sai da ta rufe shi dariyar ta iso daga ƙasa.

"Kai da furfurarka, ana huɗuba, ka baro masallaci ka kawo wa tsohuwa nono? Wa ya ce maka wajenmu ake roƙo? Mu ma bayi ne kamarku. Ka nemi gafarar Mai sama, ka ɗauke ƙwaryarka."

Kunya ta rufe shi har ta fi tsoron.

"Ruwan taliya," ta ce, tana gyara ninkin zanen. "Mu muna ganinku, ku ba kwa ganinmu. Kana jin akwai uwar da za ta bar ɗanta ya zauna a makwararar bayan ɗakinku? Ka taɓa shinshina wurin?"

"To ba ku ba ne?"

"Na shiga na duba ta sau uku. Duk wanda aka kawo nan aka ce mu ne, sai na leƙa, in ji ƙaryar da ake mana ta ranar. Mutum ya faɗi, mu. Ya yi dariya shi kaɗai, mu. Miya ta yi tsami, mu. Babu kowa a cikin 'yarka sai 'yarka. Tana can ƙasa, kamar wanda rijiya ta rufta da shi. Tana ji. Fitowa ce ta gagara."

"Wa ya rufta da ita?"

"Gidan ne ke dukan kansa. Yarinyar nan mai tabarau ta gaya maka. Ba ka yarda da ita ba, don ƙafafunta daidai suke."

Wani ɗigon ruwa ya faɗo daga diddigenta, ƙasa ta shanye.

"Za ta tashi, Iya?"

"Ni ba likita ba ce, gaibu kuma ba nawa ba ne. Na ga irinta shida da aka bari a nan. Biyar sun fita da ƙafarsu. Waɗanda aka zo aka ɗauka da mota, ban san labarinsu ba. Ba wanda ya dawo ya ba ni."

Ya yunƙura zai tashi. Ta ɗaga yatsa ɗaya, ya koma.

"Ka zo da ladabi, ba za ka koma hannu wofi ba. Abu ɗaya zan iya. In ta tashi, kwanakin nan suna jiranta. Kasuwa. Bargo. Barkono. Hannun da ya danne ta." Ta dube shi. "Ta ga fuskar mai hannun."

Ilu ya dubi tafin hannunsa.

"Zan iya kwashe su daga kanta. Amma kaya ba ya ɓacewa, mai ɗauka kawai ake sauya masa."

Ta miƙa hannu ta tura shi cikin simintin, ya shige kamar cikin kunu. Ta fito da 'yar moɗa cike da ruwa, baƙi ƙirin, sanyinsa yana tashi kamar hayaƙi.

"A sana'arku, wa ke fara shan ruwan sabuwar rijiya?"

"Mai haƙa. In da ɗaci ko guba, a kansa zai ƙare."

"To."

Bai yi shawara da kowa ba. Dama ba kowa. Ya yi bisimilla, ita ma ta yi, ya shanye. Ɗanɗanon barkono ne da tsohon bargo.

"Tashi ka tafi. Kar ka waiwaya, kar ka dawo. Ciwon yakan koma wa wasu. In ya koma mata, can za ka kai ta, ba nan ba."

Ya ɗauki ƙwaryarsa ya juya. Ya yi taku uku, ya tsaya, bayansa gare ta.

"Iya, ke kaɗai ce a nan?"

"Tun ranar da aka rufe. Sauran sun bi ruwa sun tafi."

Ya ƙara taku biyu.

"Ilu." Muryar ta yi ƙasa sosai, kamar ta ƙara gaba goma. "Sake yin sallamar nan."

Ya yi. Ta amsa. Sai ƙarar janareta ta faɗo masa a kunne, da hayaniyar masu saukowa daga masallaci.

Ya tarar da motar a bakin ɗakin mata, an buɗe baya, katifa a shimfiɗe. Gwaggo Hantsi tana tsaye da hannu a ƙugu. Wata nas ta fito da takardun biyu da tawada. Ilu bai iya karatun boko ba, duk baƙin layi ne a wurinsa.

Ya ce, "'Yata, wacce ce ta wuƙar?"

Nas ta nuna.

"Ilu," in ji Gwaggo Hantsi, "in ka dangwala wannan, ba ni ba kai."

"Allah ya ba ki haƙuri, Yaya."

Ya dangwala. Ya danna har takardar ta kusa hujewa. Gwaggo ta shiga mota ba sallama. Motar ta yi gaba kaɗan ta tsaya, ta fito, ta zo gindin darbejiya ta ɗauki kular tuwonta, ta koma.

Ran Litinin aka yi aikin. Ƙarin bai fi ƙwan agwagwa ba. Da aka tsaga shi, sai ga gashi a dunƙule, da maiƙo, da haƙori guda ɗaya, fari tas. Dakta Zuwaira ta nuna masa a cikin kwalba, ta ce kar ya firgita, irin wannan ƙarin haka yake, tsoka ce da ta rikice ta yi ta ƙera abin da ba a sa ta ba. Labari ya riga mota isa Tungar Ɗorawa. Gwaggo Hantsi ta tafa hannu ta ce, "Ba na faɗa ba? Har da haƙorinta!" Har gobe a wurinta ita ta ci gardamar.

Tashin bai zo da gudu ba. Numfashi ne ya fara daidaita. Bayan makonni bakin ya daina taunar iska. Sai idanun suka fara bin mai wucewa. Daga nan ta koma faɗa da fizge-fizge, tana zagin nas-nas, Ilu a kan bulo ya ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Likita ta ce a'a, alama ce mai kyau. Matakalar da ta bi ta sauka, ita take bi tana hawowa, sai ta sake taka kowane tsani. A wata na uku ta ce, "Ruwa." A na huɗu, wata safiya, ta juyo ta kalli taga, ta daɗe tana kallo.

"Baba, me kake yi a kan bulo?"

Ya sauko. Ya zauna a tabarma. Ya ja hularsa ya rufe fuska.

Ba ta tuna komai ba. Daga ciwon kan nan na farko har zuwa tagar, fili ne fetal. Dakta Zuwaira ta ce haka yawancinsu suke, ciwon ne ke hana ƙwaƙwalwa ajiya. Ilu ya ce, "Haka ne, Likita." Ilimi ai nata ne.

Sai da ta shekara ɗaya da rabi kafin ta koma aji. Sunayen yara suna zille mata, takan rubuta su a tafin hannu. Tana saurin gajiya. Wani lokaci takan faɗi magana gatsau, ta dawo tana ba da haƙuri. Duk bayan 'yan watanni suna komawa birni a duba ta. In ta kwana ɗaya ba ta yi barci ba, Ilu ba ya shiga rijiya washegari, yana zaune a zaure da takalmi a ƙafa.

Shi kuwa, tun daga wannan Juma'ar, in ya kwanta kwanakin suke zuwa. Ɗaya bayan ɗaya, a jere, in sun ƙare su faro daga farko. Yana ƙarƙashin bargo. Hayaƙi yana shiga wani ƙirji da ba nasa ba. Yana kiran "Baba" da dukan ƙarfinsa, bakin yana fitar da maganar mai tsumagiya. Ta ɗan ramin bargon yana hango wani mutum a sama, ya kawar da fuska gefe, hannuwansa kamar ƙarfe. Yana jira mutumin ya juyo sau ɗaya. Ba ya juyowa.

Kar ku tambaye ni yadda na sani. Ranar da ya zo yasar rijiyar gidanmu ya faɗa, yana ƙasa ina sama ina jan guga. Mutum ya fi iya faɗin gaskiya in ba a ganin fuskarsa. Da ya fito kuwa ya karɓi furarsa ya sha, bai sake tayar da zancen ba.

Luba takan tambaye shi. Ta ajiye masa tuwo, ta zauna a gefen tabarma.

"Baba, wai me na yi a lokacin nan? Duk wanda na tambaya sai ya kama wata maganar."

"Barci kika yi, Malama."

"Wata huɗu?"

"Kin gaji ne."

Sai ta yi dariya, ta tashi ta shiga ɗaki, ta kwanta ta yi barcinta har asuba. Shi kuma ya wanke hannu, ya gyara shimfiɗa, ya zauna a bakinta ya daɗe kafin ya kwanta.

Saboda haka, in Allah ya kai ɗayanku jinya wannan asibiti, ya tsaya inda mutane suke. Likita ta yi magana, ku saurara, ko da ƙafafunta daidai suke. Kar wanda ya bi ta bayan ɗakin wanki shi kaɗai, balle ran Juma'a da rana tsaka. Tsohuwar ba ta cin mutum. Moɗa take miƙawa. Ku kuwa na san ku, ko tulu aka aike ku da shi ba kwa kaiwa gida sai kun zubar da rabi.

Ku tashi haka nan. Kowa ya yi addu'a kafin ya kwanta, a kuma bar mini fitilar.